Kowa Birkila Ne a Layinmu

Mu a layinmu ba ma kiran mai gyara sai mun gama ɓata abu. Ba mai unguwa ne ya kafa wannan doka ba, amma ana bin ta fiye da yadda ake bin dokar tsaftar ƙarshen wata. Famfo ya fara ɗiga, maigida zai tsaya a kansa ya riƙe ƙugu ya ce, "Wannan ɗan abin ne zan kira mutum in biya shi?" Ƙofa ta fara jan ƙasa, "Bari in dawo daga masallaci." Sai ruwa ya malale tsakar gida, ko ƙofar ta fito ɗungurungum a hannu, sannan a tura yaro kiran mai gyara. Shi kuwa in ya zo, tun bai ajiye jaka ba zai tambaya, "Wa ya taɓa wannan?" Maigida ya dubi sama ya ce, "Yara ne."

Kada a yi mana mummunar fahimta, ba rowa ba ce zalla. Akwai tsadar kaya. Akwai kuma halin wasu masu gyaran, mutum ya karɓi kuɗin kayan aiki ya ce yana zuwa, zuwan da sai an sauko daga Juma'a biyu. Sannan akwai wanda ba ma faɗa a fili: namiji yana so matarsa ta gan shi da sifana a hannu, gumi na zuba, ko da abin da yake murɗawa ba shi ne ya lalace ba.

Duk wannan ƙwazo kuwa, layin gaba ɗaya guduma ɗaya gare mu, tsani ɗaya, da baro ɗaya da tayarsa ta sace tun bara. Mai gudumar na asali ya daɗe da haƙura, in yana bukata shi ma aike yake yi. Da sassafe za ka ji sallamar yaro a zaure: "Wai in ji Babana yana gaisuwa, wai a ara masa guduma, yanzu zai dawo da ita." A ce masa, "Je ka gidan Malam, can na gan ta ranar suna." Kafin yaron ya dawo ya zaga gida biyar, an aike shi sayen magi a gida biyu, kuma duk layi ya san yau akwai aiki a gidan wane.

Babban maganinmu shi ne tsohon tub na babur. Ka karɓo wajen mai faci, ka yanka shi siri-siri da reza, ka ja shi sosai kana naɗawa a kan fayif ɗin da ya tsage, zagaye bisa zagaye, ka cusa bakin a ƙarƙashi. Da shi muke ɗaure ƙotar shebur, da ƙafar kujera, da tiyon da ya huje. Kullum cewa muke na wucin gadi ne. Akwai wucin gadin da aka yaye yara uku a gida ɗaya yana nan daram.

Sai rufi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wajenmu uwargida ce ta sani, don ita ke tashi cikin dare tana jera robobi da tukwane. Gari na wayewa maigida zai hau tsani da gwangwanin kwalta, ko da farin soson nan na cikin kwalin talabijin da aka narkar a fetur, ya toshe ramin ƙusa ɗaya, ya taka kwanon ya lotsa wuri biyu. In ya sauko sai ya sa a miƙa masa bulo da tsohuwar taya a danne gefen da iskar farkon damina ke ɗagawa. Ka hau bene ka leƙa rufin layinmu, ka ga tayoyin da sun isa a buɗe shago.

Wuri biyu ne kawai raha ke tsayawa: wayar lantarki da tukunyar gas. Mun ga masu haɗa waya da haƙori su naɗe da leda, mun kuma ga abin da gobarar hunturu ke yi wa gida cikin ɗan lokaci. Nan kam ko mafi taurin kai a cikinmu ya yarda a kira wanda ya koya.

Haka muke lallaɓawa da roba da kwalta har intalok ya shigo layi.

Da can a gidajen mai muke ganinsa, da harabar bankuna, da gidajen manya na Nasarawa. Daga nan ya shiga harabar masallatai. Sai Alhajin da ke kan kwana ya shimfiɗa shi a tsakar gidansa, ja da fari, aka kuma yi dace matarsa ta haihu a watan. Shi ke nan. Matan layi suka je barka, suka koma suna, kowace ta dawo da labari ɗaya. Ba wadda ta ce a yi mata. Sai dai lokacin da ake ajiye wa maigida tuwo a ce, "Ka ga tsakar gidan su Hajiya kuwa? Ko kwana aka yi ana ruwa ba ka ganin taɓo." In ya yi kunnen uwar shegu, a ƙara da, "Ni dai ba komai, yaran nan nake tausayi."

Masu buga shi ba wuyar samu, ga su nan a bakin titi duk hanyar da ka bi ta fita gari, sun shimfiɗa samfuri a ƙasa don mai wucewa ya gani. Ka tsaya ka kalle su: a shafa wa robobin zubi baƙin mai, a kwaɓa siminti da yashi da 'yar tsakuwa ko garin dutse, a zuba, a girgiza don iska ta fita, washegari a kife. Mai ja da mai ruwan ɗorawa garin kala aka sa musu. Akwai mai kusurwa huɗu, akwai mai lanƙwasa da ke shiga jikin ɗan'uwansa, akwai mai kusurwa shida. Maigida zai ɗauki hotonsu a waya ya kai gida a zaɓa, a zaɓi irin na gidan Hajiya.

A majalisarmu ta bakin mai shayi kuwa sai musu ya tashi a kan siminti. Wannan ya ce sai na Dangote da ake yi a Obajana, wancan ya ce na BUA na Kalambaina a Sakkwato, wani ya rantse da na Ashaka saboda da shi mahaifinsa ya gina gidansu. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi ritaya daga aikin hanya, shi kaɗai ne ya san abin da ake magana a kai, shi ne kuma ba a bari ya gama magana. Da ya samu fili sai ya ce, "Ku dai kuna son surutu. Kowane buhu kilo 50 ne. Abin tambaya, guda nawa mai bugawa ya matse daga buhu ɗaya? Kuma ya shayar da shi?" Ya ce siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma satin farko ruwa yake so safe da yamma, balle da hunturu da iska ke busar da shi tun bai kama ba. Wanda aka buga shekaranjiya aka loda maka yau, kuɗinka ka zubar. Ya ce ka ɗauki biyu ka gwara su: in sun yi ƙara tas, madalla, in ka ji dum, ko ka karce da ƙusa gari ya zubo, ka yi sallama. Mai kaurin santimita 6 ya isa tsakar gida da ƙaramar mota, inda tifa ko tankar ruwa za ta taka sai mai 8. Aka ce, "Baba, ai akwai mai sauƙi a can gaba." Ya ce, "Araha ba ta ado," ya ci gaba da shan shayinsa.

Wajen awo ma sai da aka kai ruwa rana. Mu da taku muke auna tsakar gida, mai sayarwa da sikwaya mita yake ciniki, takun kowa kuma daban. Malamin makarantar da ke cikinmu ne ya zo da tef ya raba gardama. Tsakar gida mai mita 5 da mita 6, sikwaya mita 30 ke nan. In mai kusurwa huɗu ne, tsawo santimita 20 faɗi 10, guda 50 ke rufe sikwaya mita ɗaya, ka ga 1,500 ke nan, sai ka ɗora kaɗan saboda fashewa da yanka. Maigida ya ji lissafi ya ce a rage masa ɗari, wai ai akwai wajen randa.

Da aka zo kan kuɗin masu shimfiɗawa ne jijiyar nan tamu ta motsa. "Jera bulo a ƙasa? Wannan ai ko yaro ya yi." Sai a sa rana, yawanci Lahadi. A je Ƙofar Ruwa a sayo igiya da cokalin gini da gudumar roba, a zubo tifar yashi a ƙofar gida ta tare rabin layi, a tattaro 'ya'ya da ƙanne da almajirin gida. Kafin a cika kwanon sarki na farko, 'yan kwamiti sun iso da bencinsu. Ba wanda ya gayyace su, ba kuma wanda zai taɓa shebur.

"Sannu da aiki, Babban Gwani!" in ji malamin makaranta. Maigida ya washe baki. Bai san laƙabin Muhammadu Durugu ba ne, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, da ƙasa da azara, ginin da masana suka daɗe suna zuwa kallo. Namu gwanin kuwa igiyarsa ma a karkace take.

"Yaya, daga bakin zaure ake farawa."

"Haba, wa ya gaya maka? Daga bakin ɗaki."

"Ku shimfiɗa leda a ƙasa, saboda ciyawa."

"Ku dai cika tsakaninsu da siminti, ku huta."

Baba na aikin hanya yana gefe yana girgiza kai. Da abin ya ishe shi ya tashi ya naɗe hannun riga. Ya ce aikin intalok ba a sama yake ba, a ƙasa yake, inda ba mai gani. A kwashe ƙasar sama mai laushi da duk wani tushen ciyawa. A zuba burji, a yayyafa ruwa, a daddaɓe har sai mutum ya taka bai ga sawunsa ba. Ya kafa ƙusa a bakin ɗaki, ya kafa wata a bakin rariya, ya ja igiya, ya sauke ta ɓangaren rariyar: santimita 2 a kowace mita, wato a tsawon mita 6 bakin ɗaki ya ɗara bakin rariya da santimita 12. Sannan yashi, kaurin yatsu biyu, kada ya wuce santimita 5. Ya kwantar da fayif biyu a cikin yashin, ya ɗora katako a kansu ya ja, sai ga wuri ya kwanta sumul. Ya ce daga yanzu duk wanda ya taka nan shi zai sake. A daidai lokacin akuyar maƙwabta ta ratsa.

Jerawar kanta daɗi gare ta, shi ya sa kowa ke sha'awa. Ka fara daga kusurwa, kana durƙushe a kan wanda ka riga ka jera, ka ajiye kowane a jikin ɗan'uwansa, ka ɗan buga da gudumar roba. In babu, ka ɗora guntun katako ka buga a kansa, kada ƙarfe ya taɓa shi kai tsaye. Wahalar tana bakin bango da gindin famfo, inda sai an yanka. Gefen da ba bango kuma dole a ɗaure shi da kankare, in ba haka ba a hankali zai yi ta buɗewa. Daga ƙarshe a watsa busasshen rairayi a share shi da tsintsiya ya shige tsakani, a sake, a kuma sakewa. Wannan rairayin shi ke kulle su. Ledar da ake ta shawara, in ji Baba, ruwa take tarewa a ƙasa, ciyawa kuwa irinta daga sama iska ke kawo shi. Wanda kuma ya cike tsakani da siminti ya kashe amfanin abin da kansa, gara tun farko ya yi daɓen siminti ya huta.

Inna, kakar gidan, tana bakin ƙofa a kan tabarma tana kallon wannan hidima. Da ta ga jikokinta suna daddaɓa burji da guntun bulo sai ta yi dariya. "Yau ga maza na daɓe! Mu da muka yi namu ko sisi ba a kashe ba." Ta shiga ba da labari: in za a kawo amarya, matan unguwa ake gayyata, kowace da madaɓinta. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a durƙusa a jere ana bugu ana waƙa, hannu na sauka tare. Sai a kawo makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a yi ta yayyafawa ana sake bugu har daɓen ya yi duhu ya yi sheƙi. Ladan aikin tuwo ne da fura da goro. Maza kuma nasu yaɓe ne kafin damina: a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo, masu hali su sa a yi musu laso da katsin marina irin ta Ƙofar Mata, da gashin jima, da dafara. Gidan ƙasa duk shekara sai an taɓa shi, kuma ba mai taɓa nasa shi kaɗai. "To ku," in ji ta, "kun tara mutane, amma ɗaya ke aiki goma na magana."

Sati biyu na farko gida sai sambarka. A fito da tabarma da daddare, a kira 'yan'uwa a waya su gani. Daga nan ƙorafi ya fara fitowa daga wajen wadda ta nemi abin. Tsabar shinkafa in ta zube sai an bi ta da tsinke. Manja in ya ɗiga ya zauna ke nan. Turmi ba shi da wurin zama, don daka uku sai ka ga wurin ya lotsa, dole a koma da shi bayan ɗaki inda aka bar ƙasa. Tururuwa ta gano yashin tana fito da shi tsibi-tsibi. A watan Afrilu kuwa da azahar ba mai taka shi ba takalmi, har bayan isha'i yana huci. Wanda ya sare darbejiyarsa don jeri ya tafi daidai, yanzu a zauren maƙwabci yake shan iska. Masu wayo sun bar wa bishiya fili a gindinta, ta sha ruwa, saiwarta kuma ba ta ɗaga musu aiki da wuri ba.

Amma alƙalin gaskiya sai Agusta. Ruwa bai san Alhaji ba, bai san wanda ya fi iya musu a majalisa ba, gangara kawai ya sani. Wanda ya yi wasa da igiya zai tashi da asuba ya tarar da tafki a bakin ɗakinsa. Wanda ya yi ha'inci wajen daddaɓa burji zai ga tsakar gidansa ta yi tudu da kwari kamar kunyoyin gyaɗa. A nan intalok ya fi daɓen siminti mutunci. Daɓe in ya fashe sai diga. Shi kuwa ka zare ɗaya da bakin cokali, sauran su biyo, ka gyara ƙasan, ka mayar da su yadda suke. In fayif ya fashe a ƙarƙashi ma haka. Ga mutanen da ba sa jin magana sai sun gani da idonsu, ban san abin da ya fi wannan dacewa da mu ba.

Wanda ya yi aikinsa daidai kuma wata rigimar ya tayar bai sani ba. Da can tsakar gidansa na shanye wani kaso na ruwan sama. Yanzu ya ɗaga ta, ya rufe ta, mafi yawan ruwan na fita ta rariya da gudu, ya tsallaka layi, ya yi sallama a zauren na ƙasa da shi. Na ƙasan ya kwana kwalfa, da rani ya zubo burji ya ɗaga nasa fiye da na wancan. Na gaba da shi ya gina dakali ya tare. A haka a haka layin ya zama shi ne mafi zurfi, kwatar kuma cike da leda da ragowar yashin da muka bari. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, waɗanda da can ruwan unguwa ke tafiya cikinsu, da yawa an cike su an yi gini a kai. Mutanen da suke aron guduma a junansu ba ko sallamar kirki, sai ga su gaban mai unguwa a kan rariya.

Shi ya sa bana aka yi zama na musamman bayan sallar isha'i. Baba ya samu damar gama magana a karon farko. Aka amince duk wanda zai shimfiɗa intalok, kafin ya ja igiya ya kira maƙwabcinsa na dama da na hagu da na gaba su ga inda ruwan zai bi. Aka amince kowa ya bar ɗan fili da ƙasa a gidansa, ko gindin bishiya ne. Aka sa ranar gayyar yashe kwata kafin ruwan farko, aka kuma naɗa ma'aji, aka ce kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Saura tambaya ɗaya: kafin a tara kuɗin gina kwatar, ruwan bana ta ina zai bi? Aka yi shiru, kowa na duban ɗan'uwansa. Can malamin makaranta ya ƙirga kawuna ya tambayi wa da wa ba su zo ba. Aka ce mutum ɗaya ne, tela na ƙarshen layi, ya tafi ɗaurin aure Gaya. Nan take baki ya zo ɗaya cewa ai dama can gangarar ta wajensa take, aka shafa fatiha, aka tashi.